Fisibiliti da Dagin Babana

Ɗan ƙanwata ne ya tono mini wannan magana. Wata ranar bayan la'asar ya shigo zaure da takardu a cikin leda, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, don Allah wai mene ne fisibiliti?" Rance yake nema a wani banki zai haƙa kududdufin kiwon tarwaɗa a bayan gidansu, aka ce masa ko kallon takardarsa ba za a yi ba sai ya haɗo da fisibiliti. Ya tafi wani shagon kwamfuta, aka buga masa shafi goma sha biyu, aka karɓe kuɗinsa. Na sa tabarau na karanta. A shafi na uku an ce damina a garinmu wata tara take yi. A shafi na bakwai an manta ba a goge sunan wani gari na Kudu ba.

Na ajiye takardar na ce masa, "Kai da ka fito daga gidan mahaƙa rijiya kake wannan tambaya? Kakanka ya shekara arba'in yana yin fisibiliti, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa riƙe biro ba."

Yaron ya ɗauka zolaya ce. Ni kuwa shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare, kuma ban san wani daɗi da ya kai a ba ni kalma in feɗe ta ba.

A rubuce feasibility ce. Turawan Ingila ke riƙe da ita, amma ba su suka haife ta ba. Turanci harshe ne mai kwaɗayin kayan mutane, ya fi Hausa aro nesa ba kusa ba. A shekarar 1066 wani basarake mai suna William ya taso daga Normandi ta arewacin Faransa, ya ƙetare ruwa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka daɗe fada da kotu da gidajen manya Faransanci suke yi, Turanci ya koma bakin manomi da makiyayi. Wanda ya san yadda Larabci ya shigo mana da alƙali da hukunci da wasiƙa da daftari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cikin kayan da suka shiga Ingila ta wannan ƙofa har da faisable. Gaɓa biyu ce: ta farko daga faire, wato yi, ta biyun kuma wutsiya ce da ke nuna abu zai karɓi aikin da aka nufe shi da shi. Bakin Ingilishi ya murɗa ta ta koma feasible, ta fara bayyana a rubuce-rubucensu a tsakiyar ƙarni na 15. Ita faire ɗin ma 'yar Latin ce, harshen Rumawa, inda ake cewa facere. Zuriyar wannan facere ta bazu har ta iso Karaye ba mu sani ba. Ofis ɗin da muke zuwa jikanta ne, daga officium, haɗin aiki da yi. Satifiket ɗin da yaranmu ke wahala a kai shi ma haka, haɗin tabbas da yi.

Sai a shekarun 1620 aka ƙara mata wata wutsiyar ta zama suna, feasibility. Wannan lokaci ya tsaya mini a rai, domin daidai zamanin da sunan garinmu Karaye ke kai da kawo a tarihin sarakunan Kano ke nan. Muhammadu Nazaki ne ke sarauta, daga 1618 zuwa 1623, kuma babban bafadensa shi ne Wambai Giwa. Sarki ya fita yaƙi da Katsina, rashin lafiya ta tsare Wambai a gida, ya rasa abin da zai tarbi ubangidansa da shi, aka ba shi shawarar ya ƙara wa birni faɗi. Shi ya ja ganuwa ta ɓangaren Dukawuya da Kabuga da Kansakali, kullum yana yanka shanu yana fito da ƙoren tuwo ga ma'aikata har aka gama. Bayan haka ya dawo Karaye da zama, yana gwabzawa da Katsinawa yana aika ganima birni. Ba wanda ya rubuta masa rahoto kafin a ɗora tubalin farko. Amma mutumin da ya san yawan bakin da zai ciyar da yawan shanun da ke garkensa, ai ya yi lissafi. Abu ɗaya ne bai shiga lissafinsa ba, wato zuciyar sarkin da zai gaji Nazaki. Da Kutumbi ya hau, sai ya tuɓe shi.

To, kalmar dai ke nan: yi, da alamar karɓar aiki, da alamar suna. Na ce wa yaron ya faɗa mini da Hausa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, can sai ya ce, "Yiwuwa?" Na ce ka gama. Yi, yiwu, yiwuwa. Ginin iri ɗaya ne sak, sai dai su da harafi goma sha ɗaya, mu da shida. Kuma mu abin ba kalma ɗaya ya tsaya ba, kusan kowane aikatau yana da wannan ƙofa. Nama ya dafu. Riga ta ɗinku. Keken nan ba ya gyaruwa. Ruwan rijiyar can ba ya shawuwa. Challawa a watan Agusta ba ta ƙetaruwa, hanyar Rogo kuwa da damina, a zamanin ƙuruciyarmu, ba ta biyuwa. Wani Bature malamin Hausa a Landan, F. W. Parsons, da ya kasa aikatau ɗinmu aji-aji a 1960, wannan ya sa a aji na bakwai. Tsohuwar da ta danna wake da yatsa ta ce bai dafu ba, aji na bakwai take karantarwa ba ta sani ba.

Har cutar da ke damun kalmomin biyu iri ɗaya ce. Ta yiwu, a bakinmu, ta daɗe da zamewa ta koma wataƙila. "Mai yiwuwa gobe in zo." In ka kai wa babban mutum buƙata ya ce maka, "Ba komai, zai yiwu," ka tafi gida ka ci tuwonka, kada ka sa rai. Haka Turawa suka riƙa amfani da feasible a wurin "da alama", har wani tsohon malamin makaranta, H. W. Fowler, ya yi musu faɗa a kai a ƙamusunsa na 1926, ya ce ma'anarta abin da za a iya aikatawa, ba abin da ake zato ba. Ba su ji ba, kamar yadda mu ma ba za mu ji ba. Ɗalibaina kuwa wata matsalar ce da su. Bakin Bahaushe ba shi da harafin v, saboda haka feasibility da visibility duk ɗaya suke fita, kuma a takardar jarrabawa sai su rubuta ta biyun. Waccan daga wani gida take dabam, gidan gani, inda biza da bidiyo da talabijin suka fito. Na shekara da shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashinta. Da na ga rahotanni nawa ake bugawa don kawai a gan su a kan tebur, sai hannuna ya fara sanyi.

Wani abokina ɗan Maraɗi ya ƙara mini da cewa su a can faisabilité suke ji a bakin ma'aikata, kuma Faransawa da kansu a ƙarni na 20 suka ƙera ta, suna kwaikwayon ta Ingilishi. Yarinya ta tafi aure Ingila, bayan shekaru ɗaruruwa ta dawo gidan ubanta da goyo.

Yanzu bari in koma kan Baba. Ƙauyenmu na wajen garin Turawa ne, kuma tun daga nan har Yammedi da Kurugu, wani lokaci har Zarewa da Fulatan ta ƙasar Rogo, in ana son rijiya akan aiko masa da goro. Kayan aikinsa ba su da yawa: dagi, gajeriyar diga, kwando, igiya, da wata tsohuwar fitila aci-balbal. Ni ne mai ɗaukar igiya tun ina ɗan shekara tara.

Ba ya zuwa duba wuri da damina. Yakan ce ruwan damina maƙaryaci ne, ko'ina ka soka dagi zai yi maka murmushi. Sai bazara ta kankama, wajen watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta gama shanye abin da ta ɓoye, sannan zai je. Da asuba yake isa, ya tuɓe takalmi. Ba ya fara kallon inda mai gida ya nuna masa. Sai ya zagaya unguwar tukuna yana kallon itatuwa. In ya ga ɓaure ya yi shar a tsakiyar rani, ko kanya, ko giginya, sai ya rage tafiya. In ya ga suri, sai ya fasa gefensa da dagi ya damƙi ƙasar ciki, domin gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa, daga wani wuri take ɗebo damshi. Daga nan sai ya ce a kai shi wurin tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar. Ya durƙusa ya ce, "Inna, in an yi ruwa an ɗauke, ina ne yake daɗewa bai tsotse ba?" Sai kuma tambayar da masu gida ba sa so: "A nan kusa, ina aka taɓa haƙawa aka rasa?" Matacciyar rijiya ta fi mai rai ba shi labari. Yakan leƙa ta, ya duba tarin ƙasar da aka fitar, ko da ciyawa ta rufe shi, ya ga a wane launi aka tsaya.

Ƙasarmu ta yammacin Kano a kan dutse take zaune. Daga sama baƙar ƙasa, sai ja, sai marmara mai cin bakin diga, sai wani ruɓaɓɓen dutse mai farfashewa a hannu kamar ƙanzo. A cikin wannan ruɓaɓɓen ruwan yake. In ka wuce shi ka ji dagi ya yi ƙara ya dawo maka har kafaɗa, ka isa fa, magana ta ƙare. Da na girma na karanta abin da masana ƙasa suka rubuta game da yankin, ban sami abin da ya saɓa wa Baba ba, sai dai sunaye masu tsawo. Duk aikin mahaƙi shi ne ya gane daga sama inda ruɓaɓɓen ya yi kauri.

Amsarsa uku ce, ban taɓa jin ta huɗu ba. "Za ta yi." "Ba za ta yi ba." Ko kuma, "Za ta yi, amma ba a wannan kuɗin ba," in ya hango marmara mai kauri ko ƙasa mai zubewa da sai an ɗaure ta. Ban taɓa jin ya ce mai yiwuwa ba. Dalili kuwa a fili yake. Rabin lada ake ba shi a farko, rabi sai ruwa ya fito. In ya ce za ta yi, shi ne zai sauka gaba goma cikin rami, inda sama ke komawa kamar bakin ƙwarya. Kowace safiya kafin ya shiga sai mun zura fitilar nan da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, ya sauka. In ta mutu a hanya, sai mu yi ta zura ganye muna jawowa har iska ta sauya. Mai cewa eh shi ne mai shiga ramin. Ban ga wannan sharaɗi a ko ɗaya daga cikin rahotannin da na karanta daga baya ba.

Akwai wani attajiri da ya nace sai a tsakar gidansa, a kan tudu, don matansa su huta da fita. Baba ya zagaya, ya dawo ya ce, "Alhaji, ba za ta yi ba. Ka ba ni bakin kwarin can, mata su yi taku ɗari." Alhaji ya ce kuɗinsa ne, gidansa ne. Baba ya mayar masa da goronsa, muka kama hanya ba mu ko sha ruwa ba. Aka ɗauko wani daga nesa, ya yi wata biyu yana haƙa, a gaba tara ya ci karo da fa. Daga baya aka rufe bakin ramin da itace aka mai da shi masai, kuma in gaskiya za a bi, ba a taɓa yin masai mai zurfinsa a ƙasar ba.

Ba mahaƙa kaɗai ke da wannan ido ba. Lokacin da Turawa suka ja layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga suke hange. Ƙungiyar masu neman auduga da aka kafa a Manchester a 1902 ta sa rai ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙun Lancashire. An auna ƙasa, an auna ruwan sama, an ga auduga na yi. Abin da ba a auna da kyau ba shi ne masaƙan gida da marina irin na Kura, waɗanda ke sayen auduga da tsadar da Bature ba zai iya biya ba. Manomi ya duba wahalar auduga, ya duba gyaɗa wadda in kasuwa ta ƙi zai ci abarsa, ya duba farashin da fatake ke tayawa, ya yanke hukunci. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗar da muke taƙama da ita, asalinta lissafin da ya kuskure ne a Ingila ya dace a gona.

Takarda ta fara shigo mana ne ta hanyar ruwa. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe ta har 1975, kuma mutum ne da ya ƙudurta cewa ruwan da ke wucewa da damina sai an tsare shi. A zamaninsa aka yi dam ɗin Bagauda, aka yi Tiga wadda aka kammala a 1974, mu ma nan aka yi mana Kusalla. Masana daga Amurka sun zagaya kogunan yankin a shekarun 1960, wani kamfanin Holan mai suna NEDECO kuma ya yi nazarin noman rani na Kadawa. Farin 1973 ya zo ya rufe bakin duk mai gardama. Ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin. Baba bai haƙa sabuwar rijiya ko ɗaya ba a shekarar, yasa kawai muke yi, daga wannan gari zuwa wancan, ana bin ruwa yana gudu ƙasa. Na ga mata sun kwana a bakin rijiya da tulu suna jiran abin da zai tsatso kafin asuba. Wanda ya ga wannan ba zai yi wa dam dariya ba, ni ma ban taɓa yi ba.

Bayan 'yan shekaru sai ga safiyo a bakin Challawa, da na'urarsu mai ƙafa uku da sanduna masu ja da fari, suna kafa turakun siminti. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, irin kallon da mai sana'a ke yi wa mai sana'a. Ya tambayi wani ɗan Kano da ke cikinsu, "Samari, me ake nema?" Ya ce, "Baba, dubawa ake ko za a iya tare kogin." Baba ya kalli duwatsun da suka matse ruwan ta gefe biyu, ya ce, "Tarewa kam zai taru. In ya taru, a gonar wa zai kwana?" Saurayin ya yi dariya ya ce wannan ba ɓangarensu ba ne.

Baba bai ga amsar ba, ya rasu kafin ruwan ya zo. Hukumar WRECA ta Jihar Kano ce ta faro aikin dam ɗin Challawa, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, aka damƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Bango ne na dutse da ƙasa, tsayinsa mita 42, tsawonsa kusan kilomita 8, yana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Ta fuskar ginuwa ba abin da za a ce, ya ginu, ga shi nan tsaye shekara talatin da ɗoriya. Ya kawo kifi, ya kawo masunta daga wurare masu nisa, yaran da iyayensu ba su taɓa shiga kwalekwale ba suka zama 'yan koma. A gefen ruwan ana noman rani da injin ban-ruwa, tumatur da albasa da masara, inda da sai jigo. Fadamu da gonaki da ƙauyuka kuma sun kwanta a ƙarƙashinsa, mutane suka koma tudu. Yawancin ruwan ma ba don mu aka tara shi ba. Sakinsa ake yi a hankali ya gangara, birnin Kano ya sha, manoman rani na kwarin Haɗeja su samu.

Can ƙasa ne labarin ya fi ɗaure kai. Challawa na haɗuwa da Kogin Kano kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja, su bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni rayuwar mutanen can a kan ambaliya take. Ruwa ya zo da ƙarfi a ƙarshen damina ya malale fadama, a yi shinkafa, kifi ya hayayyafa; ya janye, a shuka wake da sauransu a kan damshi, Fulani su sauko da shanu. Da Tiga da Challawa suka kama ruwan, ambaliyar ta ragu, sai kuma ga ɗan ruwa yana gudana rani da damina ba yankewa. Wannan shi ne abin da kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki masu wawushe hatsi. A 1998 wasu masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, suka buga lissafin da suka yi, inda suka nuna cewa abin da ake samu daga manyan ayyukan noman rani na sama bai kai abin da ake asara a dausayin ƙasa ba, in aka haɗa noma da su da itace. Irin wannan lissafi kafin a zuba dutsen farko ya kamata a yi shi, sai ga shi ya zo bayan an gama. A Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara ma tambayar gonar wa ce ta kai ga zubar da jinin manoma a 1980.

Wani malamin Larabci da muka koyar tare ya taɓa ce mini su Larabawa ba yiwuwa suke cewa ba. Abin da Bature ke kira nazarin yiwuwa, su dirasatul jadwa suke ce masa, nazarin amfani. Na daɗe ina juya wannan. Kalmar Turanci tambayar magini take yi, ko zai ginu. Ta Larabci tambayar ɗan kasuwa, ko zai biya. A ganina duk biyun sun bar ta Baba a waje, kuma ban zargi kalmomin ba, domin ba wanda ya hana mai rahoto ya durƙusa gaban tsohuwa ya tambaye ta inda ruwa ke kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin dai shi ne mai rahoto an biya shi ladansa cif tun kafin a sa diga, kuma ba shi zai sauka ramin ba.

Takardar ɗan ƙanwata dai ban gyara ta ba. Na ce ya samo littafin rubutu na ɗalibai da biro, mu fita. Muka fara da rijiyar gidansu, na sa ya tambayi mahaifiyarsa gaba nawa guga ke tafiya a watan Afrilu, da sau nawa ake jira ta taru. Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Muka je wurin mai sayar da abincin kifi ya rubuta kuɗin buhu, da na bara, da na bana. Na ce saura masu saye, da kuma wanda ya taɓa yi ya bari, shi ne matacciyar rijiyarka. Wannan ya kai mu bakin dam da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa, mata da 'yan sari na jiran kwanduna.

Da muka gama tambayoyinmu sai na roƙi wani dattijon masunci ya shiga da mu. Na yi masa kwatance da wani dutse da ke leƙowa daga ruwa, wanda a da muke hawa mu hango shanu. Akwai rijiyar da Baba ya haƙa a gabas da shi shekarar da aka sa ni makaranta, gaba takwas, ruwanta garai, ko a 1973 ba ta ƙafe ba. Ya tuƙa mu har inda nake zato. Na ɗaura dutse a igiyarsa na zura, ina aunawa da hannu biyu kamar yadda aka koya mini. Igiyar ta ƙare a gaba bakwai ba ta taɓa komai ba.

Masuncin ya ce, "Malam, matsa nan kaɗan ka ji." Ya tura kwalekwalen kamar taku goma, ya nuna ruwan da baki. "Nan ba ma jefa koma, yagewa take yi. Akwai wani tsohon ɓaure a ƙasa, har yanzu yana tsaye. Amma in ƙugiya ce, ba inda ya kai shi tarwaɗa."

Yaron ya buɗe littafinsa a kan gwiwa, ya ce, "Baba, manyan nawa kuke sayar da kwando?"